Zanen Dare: Kundin Aikin Rini a Manchester

29 ga Oktoba, 2023

Daren jiya aka mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya. Tun ƙarshen Maris agogona da na Inna a Kaduna tafiyarsu ɗaya, amma daga yau in takwas ta buga a wurinta, bakwai ce a wurina. Ranar da na zaɓa ke nan in buɗe aikin.

Ga yadda na tsara shi. Zane ne guda, na ziri hamsin da biyu, kowane mako ziri ɗaya, faɗin tafin hannu, tsawon mita biyu. Rinin baba zan yi. Yawan awoyin da dare ya yi a Manchester a makon, shi ne yawan tsomin da zirin zai sha. Wannan makon dare ya kai awa goma sha huɗu, don haka tsomi goma sha huɗu. Sai ɗauri: duk daren da na kwana a wurin aiki, a gidan kula da tsofaffi, zan ƙulle kwabon Ingila ɗaya a cikin ƙyallen, in ɗaure tam da zare, yadda in an kwance zai bar farin zobe.

Na kafa wa kaina dokar nan ne don na san halinmu, mu masu zane a ƙasar mutane. Da kewa ta motsa, sai ka ga raƙumi, sai ganuwa, sai yarinya da ƙwaryar nono a ka. Ni kuwa ban taɓa hawa raƙumi ba, a Kakuri na girma, cikin ƙarar jiniyar masaƙa. Abin da ya fi taɓa jikina a garin nan ba kewar fura ba ce, duhu ne. Shi nake son in auna.

12 ga Nuwamba, 2023

Ƙyalle daga shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji nake sayensa, tsofaffin zannuwan gado farare. Wahalar ita ce yawancinsu gauraye ne da zaren roba, baba kuwa auduga yake so. In takardar jikin zanin ta goge, sai in zare ɗan zare in kai masa ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Waɗanda suka ci jarrabawa na tafasa su da sodar wanki har ruwan ya koma kalar shayi.

Tukunyar baba kuwa bokiti ne mai cin lita ashirin. Hanyar da masu rinin nan suka fi bi ita ce awo ɗaya na garin baba, biyu na farar ƙasa, uku na wani abu mai zaƙi da zai janye iskar da ke cikin ruwan, domin baba ba ya narkewa ya kama ƙyalle sai an raba shi da iska. Farar ƙasar na same ta a shagunan mutanen Pakistan da Bangladesh da ke Rusholme, wadda suke shafawa a ganyen da suke taunawa, suna ce mata chuna. A madadin sukarin 'ya'yan itace da wasu ke sa wa, lalle na zuba, shi ma yana yin aikin, kuma a shago ɗaya na same su.

Na kira Kawu a Kano, wanda ya tsufa a bakin karofi, na nuna masa ta bidiyo. Ya daɗe yana dariya.

"Uwata, marina a bokiti? A banɗaki kuma?"

Na ce, "Kawu, nan babu filin haƙa rami, kuma ko na haƙa, mai gida zai kore ni kafin magariba."

Ya ce in karkato wayar ya ga kumfar. Da ya ga ta yi shuɗi mai ƙyallin jan ƙarfe, ruwan ƙasa kuma ya yi kore-kore, sai ya bar dariya ya ce, "To, ya nuna. Kada ki motsa shi da garaje, kuma kada ki bari ƙyalle ya ɗiga a ciki in kin ɗaga." A gidansu mata ɗauri suke yi a cikin gida, yara su kai wa maza a karofi su tsoma. Ban taɓa ganin mace riƙe da muciya a Ƙofar Mata ba. Nan babu wanda zan aika, ni ce mai ɗauri, ni ce marini.

3 ga Disamba, 2023

Sanyi ya kwantar da baban. Ruwan ya koma shuɗi fayau, ƙyalle ya shiga ya fito bai ɗauki komai ba. Ramin karofi yana da zurfi, ƙasa ce ke riƙe masa ɗumi, bokitin roba kuwa a banɗakin da ba a kunna masa wuta, kafin asuba ya huce. Na sayo ɗan na'urar ɗumama ruwa da masu kiwon kifin ado ke sakawa a akwatin gilashi, na naɗe bokitin da bargo, na ƙara lalle da chuna. Washegari ya farfaɗo.

A wurin aiki akwai wata dattijuwa da ta haura tamanin, wadda ta lura da farcena ya yi shuɗi duk da safar hannu. Da na gaya mata abin da nake yi, sai ta ce tun tana 'yar shekara goma sha biyar ta shiga masaƙa a Oldham, wani gari kusa da Manchester. Kunnenta ya yi nauyi, amma tana karanta magana a leɓe tun daga ƙarshen ɗaki, don a cikin ƙarar injina haka matan masaƙa ke hira, da baki da hannu, ba murya. Babanmu ma haka yake, sai an ɗaga murya, kuma shi ma da tarin da ƙurar auduga ta bar masa ya koma ga Allah.

Na fito da safe raina yana cewa in sa ta a cikin zanen. Na hana kaina. Ba don in yi zane da ita aka ba ni amanarta ba, wanka da magani da juya ta a gado aka ɗauke ni yi. Zobenta na nan, na daren da na kwana a kanta, ba wanda zai iya bambanta shi da sauran. Hakan ya isa.

22 ga Disamba, 2023

Dare mafi tsawo. Rana ta fito bayan takwas da kwata, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, yinin bai cika awa bakwai da rabi ba. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke cunkushe. Mai aikin dare irina yana iya yin mako bai ga rana da idonsa ba: ka fito cikin duhu-duhu, ka kwanta, ka farka an kunna fitilun titi.

Tsomi goma sha bakwai. Kowane tsomi minti kaɗan ne a cikin ruwa, sannan a ɗaga a shanya ya sha iska kamar sulusin awa. Yana fitowa kore shar, kana kallonsa yana juyewa shuɗi tun daga gefe-gefe. Ba na gajiya da kallon wannan. Ba a gama goma sha bakwai a yini guda in ana son barci, sai da na raba shi.

Da ya bushe ya fito baƙi-baƙi mai ratsin jan ƙyalli, irin na rawanin ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa. Amma da na jera shi da na farkon Nuwamba, bambancin kaɗan ne ƙwarai. Auduga tana da iyakar abin da za ta sha; daga tsomi goma sha biyu zuwa sama, ido ba ya ƙirgawa. Ke nan duk watannin sanyi za su fito dunƙule guda na duhu, babu tsani-tsani irin wanda na zana a takarda. Na yi tunanin in sassauta ƙarfin baban don matakan su fito, sai na fasa. Ai haka abin yake a jiki: ba wanda ke jin bambancin Nuwamba da Janairu a garin nan, duk dare ɗaya ne dogo.

20 ga Janairu, 2024

An yi dusar ƙanƙara ranar Talata. Zirin da na shanya a bayan gida ya sandare, sai da na shigo da shi. A ɗaki kuma shanya tana jawo raɓa a bango da baƙin naso a kusurwar taga, abokiyar zamana ta fara tsaki. Na koma shanyawa a kan bahon wanka, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe.

Yau ranar hutu, na je gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke Liverpool Road, inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830 take. Akwai zauren injinan kaɗi da saƙa. Na daɗe a wurin fiye da yadda na yi niyya. Wannan laimar da ke hana shanyata bushewa, ita ce ta taimaki garin nan, don zaren auduga ba ya yawan tsinkewa a iska mai danshi. Ruwan famfon ma mai laushi ne, daga tafkunan arewa ake janyo shi, Thirlmere da Haweswater, sabulu kaɗan kumfa tuli, kuma rini yana son sa.

Mu da garin nan tsohuwar hulɗa ce, ko da yake ba ta ƙawance ba. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester a kasuwa, wanda ya ƙetaro Sahara, a garin da shi kansa yake tufatar da mutane har Timbuktu da saƙarsa da rininsa. A 1902 masu masaƙun nan suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, idonsu a kan ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ana sa ran auduga ce za ta cika taragu, manoma suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Sannan da aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lancashire, yankin masaƙun nan, aka yi, David Whitehead and Sons. Yau masaƙun unguwar Ancoats ta nan Manchester sun zama gidajen haya masu tsada, na Kakuri kuwa ciyawa ta cinye yawancinsu. 'Yar ma'aikacin ɗaya tana wanke ma'aikaciyar ɗaya. Ba zan rubuta wannan a jikin zanen ba, amma dalilin da ya sa ya zama dole ya kasance auduga ke nan, kuma wadda aka riga aka kwana a kanta a nan.

25 ga Fabrairu, 2024

Na samu kusurwa a wani ɗakin aiki na haɗaka, a hawa na biyu na wata tsohuwar masaƙa. Ana biyan kuɗi kaɗan a wata, akwai babban wurin wanki da igiyar shanya. Bokiti ya bar banɗaki, zaman lafiya ya dawo gida.

Mai kula da wurin, mace mai kirki, ta ga ziri goma sha bakwai a jere a ƙasa, ta yaba, sannan ta tambaya ko zan ƙara "ado irin na gida", don masu zuwa kallo su gane daga inda na fito. Na san abin da take nufi: dagi, aska takwas, tambari, wani abu da za a ɗauka hoto a ce ga Afirka. Na ce mata zanen ba labarin inda na fito yake bayarwa ba, labarin inda nake ne. Ta ce to ai shuɗi da zobba kawai, ana iya cewa daga Japan ne. Gaskiyarta, su ma suna da rinin baba da ɗauri mai kyau. Amma ban ga dalilin da zai sa sai na rataya wa aikina fasfo ba. Kullum a garin nan cikin nuna takarda nake: wurin aiki, wurin haya, wurin likita. Ƙyalle dai a bar shi ya shiga ba tambaya.

Akwai wani mai zanen fenti daga Siriya a kusurwar da ke kallon tawa. Ya ji mu, bai sa baki ba. Da ta fita ya ce shi shekarunsa na farko duk rusassun gidaje aka so ya zana, yanzu tashoshin bas yake zanawa, kuma ba mai saye.

Ta fuskar kuɗi watan nan ya yi zafi. Fam ɗaya ya haura naira dubu biyu a kasuwar bayan fage, abin da ake ji a gida kamar ni ce na ci riba, alhali buhun shinkafa ya bi shi a guje, saƙonnin neman taimako sun ninka. Na karɓi ƙarin dare. Zobban Fabrairu sun cika ziri har suna gogar juna, ba ni na tsara hakan ba.

31 ga Maris, 2024

Azumi ya kama tun 11 ga wata. Ɗauri bayan sahur nake yi, tsomi kuwa sai ranar hutu da hantsi, kafin jiki ya mutu. Mun wuce daidaiton dare da rana, yau tsomi goma sha ɗaya. A karon farko na ga shuɗi na gaske, ba baƙi ba. An tura agogo gaba, shan ruwa ya koma kusan takwas saura kwata.

Kwabban suna barin tsatsa a tsakiyar wasu zobban, don na yanzu ƙarfe ne aka lulluɓe da tagulla. Na bar ta.

23 ga Yuni, 2024

Na yi watanni ban rubuta ba, amma rini bai tsaya ba. Yanzu dare awa bakwai ne, shi ma ba dare sosai ba: ƙarfe goma sararin sama da sauran haske, kafin huɗu gari ya fara wayewa. Shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya a wannan lokaci, shi ya sa jadawalin isha da asuba ya bambanta daga masallaci zuwa masallaci, kowa da lissafin da malamansa suka bi. Mai barcin rana kuwa ya shiga uku, sai da na liƙa baƙar leda a taga.

Tsomi bakwai yana ba da shuɗi mai haske, kuma ya fito da abin da ban yi zato ba. Duhun watannin sanyi ya rufe duk wani tabo da ke jikin tsofaffin zannuwan. Na bazara bai rufe ba. Inda kan wani ya daɗe yana kwanciya, maiƙon gashi ya hana baba kamawa sosai, wurin ya yi fari-fari. Inda auduga ta siɗe saboda diddige, launin ya fi shiga. A wani zirin akwai ƙaramin faci da aka yi da hannu, ɗinki ƙanana a jere, na wata da ta iya allura. Zaren nata bai sha rini ba, ya fito fari tas. Ban san su ba, watakila wasunsu sun mutu ne 'ya'yansu suka kwashe kayan suka kai shagon agaji, don haka ake yi a nan.

Na zauna ina kallon zirin nan na tsawon lokaci. Na fara aikin ne a kan darena, na rashin barci, ashe a kan barcin mutanen garin nake rina shi. Wannan ya fi duk abin da na tsara. Daga yanzu ba zan riƙa kauce wa tabo in ina yanka ba, inda almakashi ya faɗa nan ne.

Na tura wa Kawu hoto. Ya ce a karofi wannan aibi ne, mai kaya zai dawo da shi a sake tsomawa. Sannan ya ce, "Amma ke ba sayarwa za ki yi ba, ko? To bar shi."

11 ga Agusta, 2024

Mako biyu masu nauyi. Bayan kisan yara mata uku a Southport ranar 29 ga Yuli, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, tarzoma ta tashi a garuruwa da dama, aka far wa masallatai da otal-otal da ake ajiye masu neman mafaka. A nan ma an yi arangama a Piccadilly Gardens ranar 3 ga Agusta. Wasu abokan aikina sun cire hijabi sun sa hula kafin su hau bas. Ni ban cire ba, amma na bar bas na koma tasi, kuɗin dare guda yana tafiya a rabin hanya.

A daidai kwanakin ne kuma aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Najeriya, daga 1 ga Agusta, har aka sa dokar hana fita a Kano da Kaduna. Inna ta kira ni tana cewa kada in fita, ni ina ce mata ta hana su Auta fita. Kowa na tsoron wa ɗan'uwansa, ba wanda ke da wurin da zai ce wa wani taho nan.

Na tsaya a kan bokiti da zirin makon a hannu, zuciyata na cewa in tsoma shi har ya yi baƙi ƙirin, ya tsaya a tsakiyar masu haske kowa ya gani. Da na yi haka da zanen ya samu abin da masu kallo ke so, wurin da za a nuna da yatsa a ce ga ranar. Amma dare a makon awa tara ne. Rana ta fito da wuri, yara suna wasa a filin unguwa, furanni sun buɗe, a cikin wannan hasken aka yi abin da aka yi. Tsomi tara na yi. Ya fito shuɗi mai kyau, ba ya da maraba da maƙwabtansa, kuma in na dube shi cikina yana juyawa fiye da in na dubi na Disamba.

Ranar Laraba da aka ce masu tarzoma za su sake fitowa a nan Ingila, sai ga dubban mutane sun cika tituna a garuruwa da yawa suna cewa ba da yawunsu ba. Wannan ma bai shiga zanen ba.

15 ga Satumba, 2024

Ziri arba'in da shida sun bushe, saura shida. Dare ya koma awa goma sha ɗaya, launi ya fara nauyi.

An fara haɗi. Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da muke aiki tare, tela ce tun a gida, ta ce in kawo ta zuga min a keke cikin yini ɗaya. Mun gwada ziri biyu, ɗinkin keke ya ja ƙyallen ya tattare, don tsofaffin zannuwan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Muka koma hannu, baki da baki, yadda ake haɗa saƙi. Hajiya ta ce, "Ƙanwata, wannan aikin sai mun kai Kirsimeti." Tana zuwa ranar Lahadi da allurarta da shinkafa da wake a kula, muna yi muna gardamar Hausar wa ta fi daidai.

Faɗin zanen in ya cika zai haura mita huɗu, bangon ɗakin aikin kuwa akwai bututun ruwa a tsakiyarsa. Mai kula da wurin ta ba da shawarar a rataye shi a tsakiyar ɗaki daga ƙarfen rufi, a riƙa zagaya shi. Na yarda, don ta baya ana ganin ƙullin ɗinki da tsatsar kwabbai fiye da ta gaba.

Abin da ya rage a yanke shi ne bugu. A Kano in an gama rini sai a kai wa mabuga su shimfiɗa a kan gungume su yi ta dukansa da tabarya har ya yi santsi da ƙyalli. Kawu ya nace cewa rinin da ba a buga ba bai gamu ba. Tsorona shi ne zirin bazara, auduga ta riga ta siɗe, tana iya fashewa a inda faci yake. Mai zanen Siriya ya samo min guntun gungumen itace daga wurin masu sassabe, na sayi gudumar katako a shagon kafintoci. Ranar Asabar zan gwada a kan ragowar ƙyallen Janairu da na Yuni, da safe, kafin masu koyon rawa na hawan ƙasa su zo su ce mun dame su.